Firinta Ɗaya a Gida Mai Kwamfutoci da Yawa

Duk wanda ya lura da al'amuran garuruwanmu na ƙasar Gwandu a 'yan shekarun nan, tun daga Dodoru da Kambaza da Dalijan har zuwa Kalgo, zai shaida cewa zamanin da aka daɗe ana yi mana busharar zuwansa, wai kwamfuta za ta zo ta kashe takarda, ya zo ɗin, amma takardar ba ta mutu ba, hasali ma hayayyafa ta yi. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kan kwamfuta, ba ya shiga zauren jarrabawa sai da takardar da ya bugo mai ɗauke da hotonsa da ranarsa da wurin zamansa. In Allah ya ba shi nasara kuma sai ya bugo sakamako, ya bugo takardar samun gurbi, ya bugo rasiɗin kuɗin makaranta, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya nufa, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake Kalgo, ko jami'ar jiha da ke Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru. Ga takardar lambar NIN, ga malamin firamare da tambayoyin ƙarshen zango, ga sakataren ƙungiyar manoman albasa ko na shinkafa da jerin sunayen masu neman taki, ga katin ɗaurin aure. A kan takarda ɗaya tak mutum yakan biya kuɗin mashin zuwa gari, ya tarar shagon ba wuta, ya zauna jiran a tayar da janareta.

Saboda haka ne wasu gidaje da makarantun Islamiyya da ƙananan shaguna suka daure suka sayi firinta tasu. To, amma galibin gidajenmu ba na mutum ɗaya ba ne: ga wa da kwamfutarsa ta wurin aiki, ga ƙane ɗalibi da tasa ta hannu, ga uwargida malamar makaranta da wayarta, alhali firintar tana ɗaki guda, an ɗaure ta da waya guda a jikin kwamfuta guda. Abin da aka saba yi shi ne a kwafi aikin a filash a kai, ko a tura ta WhatsApp a ce, "Yaya, don Allah in ka samu sarari a bugo mini," ko kuma a sungumi firintar dungurungum a kai wani ɗaki. Kowace daga cikin waɗannan tana da aibinta. Filash ita ce babbar dillaliyar cutar kwamfuta a ƙasar nan, musamman irin cutar nan da ke ɓoye wa mutum takardunsa ta bar masa inuwarsu. Turawa ta WhatsApp tana cin data, tana kuma sa kowa ya karanta abin kowa. Sannan ba kowane lokaci ne ya dace ƙane ya yi sallama a ɗakin wansa mai iyali ba, balle da dare, don kawai shafi biyu. Alhali akwai hanyar da kowa zai aika da aikinsa daga inda yake zaune, ya tashi kawai ya je ya ɗauki takardarsa.

Tarayya a kan kayan rubutu ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daula a rabon da Shehu Usmanu ya yi a 1812, yake wallafa littattafansa irin su Liya'ul Hukkami da tafsirinsa Liya'ut Ta'wili, takarda kanta daga ƙetare take zuwa, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a arewacin Italiya, ta bi ta Tarabulus ta ratso Sahara a bayan raƙuma. Littafi kuwa kwafi ɗaya ne ke zagaya almajirai, kowa ya ara ya kwafa da hannunsa ya mayar. Ko bayan da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, ɗab'i ya ci gaba da zama abin hukuma da manyan kamfanoni. Abin da ya kamata mai karatu ya sani, wanda kuma ba kasafai ake faɗa ba, shi ne cewa a can ƙasar da aka ƙirƙiro waɗannan na'urori ma, buƙatar tarayya a kan firinta tana cikin manyan dalilan da suka haifi haɗa kwamfutoci da juna tun farko.

Ga yadda abin ya faru. A cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani injiniya mai suna Gary Starkweather ya haɗa firintar leza ta farko mai aiki a 1971, na'ura mai tsananin sauri da tsananin tsada, wadda ba zai yiwu a ajiye wa kowane ma'aikaci tasa ba, alhali kuwa cibiyar tana shirin ajiye wa kowa kwamfutarsa a kan teburinsa. Sai aka ɗora wa wani matashi, Robert Metcalfe, nauyin samo hanyar da dukan kwamfutocin za su riƙa aika wa firinta ɗaya aiki; ran 22 ga Mayu 1973 ya rubuta takardar da ta bayyana dabarar da ya kira Ethernet, ya gina ta tare da David Boggs, kuma jikokin wannan dabara ne wayoyin nan masu kan roba da muke gani yau a bayan kwamfutoci a bankuna da cibiyoyin jarrabawa. Bayan shekara goma sha biyu, a 1985, kamfanin Apple ya fitar da firintarsa LaserWriter a kan dala 6,995, alhali kwamfutarsa Macintosh ta fito kasuwa shekara guda kafin nan a kan dala 2,495. Watau firinta ɗaya ta kusa kuɗin kwamfuta uku, don haka tun daga masana'anta aka yi mata hanyar da ofis guda zai yi tarayya a kanta. Talaucin da ya sa mu tarayya, shi ya sa su ma, sai dai kowa da gwargwadon nasa.

Kafin a shiga bayanin hanyoyi, wajibi ne a kawar da wani ruɗani da ya yi katutu a zukatan mutane, cewa wai ba a haɗa na'urori sai da data. Wannan ba haka ba ne. Sadarwar cikin gida daban, intanet daban. Rauta, ko ɗan ƙaramin akwatin nan na aljihu da MTN da Airtel da Glo suke sayarwa, aiki biyu yake yi: yana haɗa na'urorin gida da junansu, sannan yana haɗa su da duniyar waje. Na biyun ne ke cin data. Na farkon kyauta ne, muddin akwatin yana kunne. Takardar da ta tashi daga kwamfutar ƙane zuwa firintar da ke zaure ba ta fita gidan ba, ba ta bi ta hasumiyar kamfanin waya ba, ko da layin ba ko kwabo a cikinsa, ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da rautar ke yi shi ne ta ba kowace na'ura da ta shigo lamba, wadda ake kira adireshin IP, mai kama da 192.168.1.5 ko 192.168.8.102, ta riƙa kai saƙo daga wannan lamba zuwa waccan. A riƙe zancen lambar nan, domin a kanta mafi yawan rigimar take.

Hanya ta farko, wadda ta fi tsufa a gidaje kuma ba ta buƙatar sayen komai, ita ce a bar firintar a jikin kwamfuta ɗaya da wayarta ta USB kamar yadda take, a umarci wannan kwamfuta ta buɗe wa sauran ƙofa. A Windows, mutum zai fara tabbatar da cewa kwamfutar ta ɗauki sadarwar gidan a matsayin ta gida, ba ta bainar jama'a ba, domin in ta ɗauke ta ta bainar jama'a ɓoye kanta take yi, ba wanda zai gan ta. Sa'an nan ya kunna izinin tarayya a kan fayil da firinta, ya shiga bayanan firintar ya sa alama a gurbin raba ta, ya ba ta gajeren suna marar tazara a tsakani. A ɗaya kwamfutar kuma sai a nemi ƙara firinta, in ta bayyana a zaɓe ta, in ba ta bayyana ba a rubuta sunan kwamfutar farko da sunan firintar da hannu. Sau da yawa za a tambayi sunan mai kwamfutar da kalmarsa ta sirri, kuma abin da ya fi dacewa shi ne ya buɗe wani asusu dabam a kwamfutarsa don wannan aiki kaɗai, kada ya raba wa gida kalmar da yake buɗe nasa sirrin da ita. Ƙa'idar da kwamfutocin ke magana da ita a nan, SMB, ta samo asali ne daga kamfanin IBM a 1983, kuma tun da Andrew Tridgell na Ostireliya ya fitar da manhajar Samba a 1992, kwamfutocin da ba na Windows ba ma suna jin yaren.

Sai dai wannan hanya tana da illa guda wadda duk wanda ya tashi a babban gida ya san irinta. Kamar gidan da mabuɗin rumbu yake aljihun mutum ɗaya ne: hatsi na nan, masu buƙata na nan, amma ran da ya tafi kasuwa ko barci ya ɗauke shi, sai a zauna jira. In mai kwamfutar ya kashe ta, ko ya rufe murfinta ta yi barci, ko batirinta ya ƙare, ko ya saka ta a jaka ya tafi Birnin Kebbi aiki, firinta ta mutu ga kowa. A ofishin da ke da kwamfutar tebur mai kwana a kunne wannan ba komai ba ne. A gidan da kwamfutocinsa duka na hannu ne, masu tafiya tare da masu su, babbar matsala ce.

Ga kuma wata wahalar da ta ƙaru daga baya. Kowace firinta tana da manhajar da ke fassara mata aiki, wadda ake kira direba, kuma a wannan hanya kwamfuta ta biyu daga ta farko take karɓar direban. A tsakiyar 2021 aka gano wata babbar ɓaraka a sashen buga takarda na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da mugu zai iya bi ta cikinta ya mallake kwamfutar mutum. Da kamfanin Microsoft ya toshe ta, sai tarayyar firinta ta tsananta, mutane da yawa a duniya suka wayi gari da saƙon kuskure mai lamba 0x0000011b, musamman inda tsohuwar Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020, take neman magana da sabuwa. Masu gyara da yawa suna da dabarar kashe wannan kariya a cikin minti biyu, abin ya koma aiki. Ni dai ban ga hikimar cire ƙyauren gida don mabuɗi ya yi tauri ba. Abin da ya fi shi ne a sauko da direban firintar a girka shi kai tsaye a kowace kwamfuta, a kuma sabunta su duka, ko kuma a bar wannan hanya a koma ta biyu. Wanda ya taɓa sanin sauƙin nan na HomeGroup a Windows 7 kuma kada ya wahalar da kansa nema, an cire shi daga sabuwar Windows tun 2018.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce ta dace da garuruwa irin namu, ita ce a 'yanta firintar daga kowace kwamfuta, a haɗa ta da rauta kai tsaye, ta zama na'ura mai zaman kanta da lambarta, kowa ya riƙa aika mata aiki ba tare da shamaki ba. Sharaɗin shi ne firintar ta zama mai Wi-Fi ko mai kafar wayar Ethernet, kuma wannan abu ne da ake dubawa tun ranar saye, tun kafin kuɗi su bar hannu. A firintocin HP haruffan ƙarshen suna ne ke nunawa: mai w tana da Wi-Fi, mai n tana da kafar waya, don haka P1102 da P1102w kamanninsu ɗaya amma aikinsu ba ɗaya ba, haka a Epson, L3210 ta USB ce kawai, L3250 kuwa tana da Wi-Fi. Bambancin kuɗin da ke tsakani, in aka auna shi da shekarun da za a yi ana ɗaukar filash daga ɗaki zuwa ɗaki, bai taka kara ya karya ba. In akwai zaɓi tsakanin waya da iska, kuma firintar tana kusa da rauta, waya ta fi aminci, domin ba ruwanta da kaurin katanga ko kwanon rufi. In Wi-Fi ne kuwa, a sani cewa yawancin ƙananan firintoci zangon 2.4 kaɗai suke ji, ba sa jin zangon 5 da sababbin rautoci ke fitarwa, kuma wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun yi zaton firintarsu ta lalace alhali lafiyarta lau.

A nan ne za mu koma ga zancen lamba, kuma a nan ne halin ƙasarmu ya bambanta da abin da masu rubuta littafin na'ura suka zata. Rauta ba kyautar lamba take yi ba, aro take bayarwa na wani lokaci, kuma ƙananan rautoci da yawa, in wuta ta ɗauke ta dawo, mantawa suke yi da wanda suka ba me, su sake rabo bisa ga wanda ya riga isowa. A ƙasar da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, firinta takan riƙe lambarta har ta tsufa. A nan kuwa, inda wutar da har yau muke kira NEPA, ko da yake kamfanin Kaduna ne ke rarraba ta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara, takan je ta dawo, a koma janareta, a koma sola, firintar da jiya take 192.168.8.102 yau tana iya zama 192.168.8.105, wayar wani yaro ta gaje tsohuwar lambarta. Kwamfuta kuwa tana can tana ta aika takarda ga lambar jiya, tana cewa firinta ba ta nan, alhali ga ta a kunne fitilarta na haske. Maganin abu ne na sau ɗaya: a buɗe shafin rautar, wanda adireshinsa da kalmar shigarsa galibi suna rubuce a bayanta ko a ƙarƙashin batirinta, a nemi wurin da ake keɓe wa na'ura lamba ta dindindin, a keɓe wa firintar; in kuma rautar ba ta da wannan, a shiga saitin firintar kanta a rubuta mata lamba tsayayya daga can ƙarshen jeri, inda rabo ba ya kaiwa. Sa'an nan a rubuta lambar a 'yar takarda a manna a jikin firintar. Wanda ya yi wannan ya huta da kiran mai gyara a kan mafi yawan abin da ake kiransa dominsa. Idan kuma wata rana firinta ta nuna lamba mai farawa da 169.254, ma'anarsa ba ta samu rautar ba sam, ta raɗa wa kanta lamba ne, sai a duba waya ko kalmar sirrin Wi-Fi.

To, ina wanda ya riga ya mallaki tsohuwar firinta ta USB, irin na hannu da ake kawowa daga kasuwannin Kano da Legas, masu ƙarfin hali da arhar tona? Shi ma ba a bar shi a baya ba. Wasu rautoci suna da kafar USB da za a soka firinta a ciki, rautar ta ɗauki aikin da kwamfutar farko take yi, kuma tun da ba ta tafiya ko'ina, wutar da take ci kuma ba ta wuce ta ƙwan fitila ba, har ɗan ƙaramin batir yana riƙe ta, matsalar jira ta kau. Sai dai akwai tarko a nan: wasu sanannun firintocin HP, irin su LaserJet 1018 da 1020, ba su da cikakkiyar ƙwaƙwalwa a jikinsu, duk lokacin da aka kunna su sai kwamfuta ta ɗura musu wata 'yar manhaja kafin su farka, abin da yawancin rautoci ba su iya ba. Ga irin waɗannan, ɗalibin da ke karatun kwamfuta a Aliero ko Kalgo zai iya amfani da 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012 a kan dala 35, ko ma wata tsohuwar kwamfutar da aka yar, ya sa mata Linux da manhajar CUPS da Michael Sweet ya fitar a 1999, ita ce kuma har yau ke buga takarda a kwamfutocin Apple; da wannan sai tsohuwar firinta ta bayyana ga kowa a gidan, har da wayoyi, kamar sabuwa.

Wayoyi kuwa su ne ainihin kwamfutocin mutanenmu, domin a kowace kwamfuta ɗaya da ke Dodoru akwai wayoyi barkatai, kuma hanya ta farko ba ta yi musu amfani sosai. Hanya ta biyu ita ce tasu. Apple ya shigo da AirPrint a 2010, kamfanonin firinta kuma suka haɗu a 2013 suka kafa ƙawancen Mopria don wayoyin Android, kuma albarkacin waɗannan, wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da firinta takan gan ta da kanta, ba direba ba komai. Inda babu rauta sam, firintoci da yawa suna iya fitar da Wi-Fi nasu na kansu, waya ta haɗu da su kai tsaye. Wasu kuma sukan mai da wayar mutum ɗaya ta zama rautar gidan, a haɗa firinta da kwamfutoci a kanta. Yana aiki, amma an koma gidan jiya, domin mai wayar yana fita sadarwar ta bi shi. Shi ma ɗan akwatin aljihu, in yana kan batir, yakan kashe Wi-Fi ɗinsa bayan ɗan lokaci in ba a amfani da shi, wasu kuma suna zuwa da saitin da ke hana na'urorin da ke kansu ganin juna, sai an shiga an kashe shi.

Ba a gama zancen firinta a ƙasar nan ba a taɓo wuta da ƙura ba. Firintar leza da zafi take manna garin tona a jikin takarda, zafin da ya kusa digiri 200, don haka tana jan ɗaruruwan wat, kuma a lokacin da take ɗumama kanta takan yi wata fizga da ke sa ƙaramar inbata ta yi ƙara ta ɗauke, ta tafi da rauta da komai. Firintar tawada mai tanki, irin wadda Epson ya fara fitarwa a Indonesiya a 2010, ba ta kai wat 20 ba tana cikin aiki, sola kaɗan ya ishe ta. Amma ita kuma tana da nata: in aka bar ta makonni ba a buga komai ba, musamman da hunturu ko a zafin bazara, tawadar takan bushe a bakin ƙananan ramukanta, alhali garin tona ba ya bushewa ko an shekara. Abin sha'awa shi ne tarayya kanta magani ce ga wannan, domin firintar da mutum biyar ke amfani da ita ba ta samun zaman da za ta bushe. A rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, a ajiye takarda a cikin ledarta, da damina saboda laima, da rani saboda ƙura.

Saura haƙƙoƙi, waɗanda na'ura ba ta warware su. Malaman tafsiri, a bayanin ƙarshen Suratul Ma'un, sun kawo cewa abin da aka zargi masu hana shi ya haɗa da kayan amfanin yau da kullum da maƙwabta ke ara wa juna, irin su guga da gatari da tukunya, kuma ban ga abin da zai fitar da firinta daga wannan babi ba a garin da babu shagon bugu a kusa. Sai dai guga ba ya ƙarewa don an ja ruwa da shi, firinta kuwa kowane shafi yana cin takarda da tawada, kuma fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ya bambanta aron abin da ake mayar da shi kansa da abin da ake cinyewa, ya kuma yi bayanin inda mai aro ke ɗaukar lamuni. Gidan da bai zauna ya yanke tun farko wa zai sayi rim ɗin takarda, wa zai cika tona, zai tarar cewa sauƙin aikawa daga ɗaki ya haifi israfi, yaro ya aika littafi mai shafi ɗari uku don ya ga ko abin yana aiki. Haka nan takardar da ta fito ta zauna a bakin firinta amana ce; takardar albashin wani, ko sakamakon asibitin wata, ba ta halatta ga wanda ya zo ɗaukar tasa ya tsaya karantawa, kuma hanin da aka yi ga bin diddigin sirrin mutane bai tsaya a bakin ƙofar ɗaki ba. Ta fuskar waje kuma, duk wanda ya san kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gida ya sami hanyar firinta, don haka in ana ba baƙi da samarin unguwa, a buɗe musu sashen baƙi da yawancin rautoci ke da shi. Kada kuma a yarda wani ya buɗe firinta ga intanet da sunan a riƙa bugu daga nesa: a ƙarshen 2018 wani ɗan kutse ya sa firintoci kimanin 50,000 a ƙasashe dabam-dabam suka bugo takardar tallar wani mai shiri a YouTube, don kawai masu su sun bar su a buɗe.

Akwai wani abu kuma da ke faruwa a kusan kowane gida a makon farko. Mutum ya aika takarda, ba ta fito ba saboda firinta a kashe take ko takarda ta ƙare, sai ya sake aikawa, ya sake, ya gaji ya kwanta. Aikin bai ɓace ba. Kwamfuta tana jera shi a layi tana jira, kuma da safe, ana kunna firinta, sai ta shiga amayo kwafi goma na abu ɗaya, in ma ba wani aiki ya maƙale a gaba ya tare na kowa ba. Saboda haka in takarda ba ta fito ba, kafin a sake aikawa a buɗe layin firintar a kwamfuta a ga abin da ke ciki, a share wanda ya maƙale. In ya ƙi sharuwa, a kashe firinta, a sake tayar da kwamfutar. In za a kunna kayan bayan an kawo wuta kuma, a fara da rauta, a ba ta kamar minti biyu ta daidaita, sa'an nan firinta, sa'an nan kwamfutoci.